Masu Yanke wa Kalma Iyaka

Mutane da yawa na zaton mai rubuta manhaja a babban kamfani yana wuni ne yana zuba haruffa a kan baƙin allo, yatsunsa na gudu. Wanda ya taɓa zama a irin wannan ofis ya san rubutun shi ne ƙaramin rabo. Mafi yawan yinin karatu ne, karatun abin da wasu suka rubuta shekaru goma ko talatin da suka wuce, da neman wanda zai faɗa maka abin da suke nufi. Sauran lokacin kuma tambaya ce. Idan mutanen sashen kuɗi suka ce "an sayar", yaushe ke nan? Ranar da aka ƙulla ciniki, ko ranar da kaya suka bar sito, ko ranar da aka rubuta takardar neman biya, ko ranar da kuɗi suka shiga banki? Ka tara mutum huɗu a teburi ɗaya, za ka ji amsa huɗu, kuma kowa da gaskiyarsa a inda yake tsaye. Na'ura kuwa amsa ɗaya take karɓa. Dole wani ya zaɓa, kuma sau da yawa idan taro ya watse ba a cimma matsaya ba, zaɓin yana faɗawa kan mai rubutun, shi kaɗai, da yamma, ba tare da kowa ya lura an yanke wani hukunci ba.

Manhajar da nake magana a kanta ba irin ta wayar hannu ba ce, wadda ake saukewa yau a goge gobe. Ita ce wadda ke fitar da albashin ma'aikata, take ƙirga kayan sito, take lissafa haraji, take riƙe littafin bashin banki da na kamfanin siminti da na asibiti. Kamfanoni irin su SAP da Oracle da Salesforce da Workday su ne masu sayar da ita, kuma dubban injiniyoyi ne ke zaune a cikinsu suna kula da ita. Ba a cika yi musu kirari ba. Matasa masu shiga sana'ar sun fi sha'awar ƙananan kamfanonin da ke fito da sabon abu kowane mako, suna kallon wannan ɓangare a matsayin aikin gundura. Ni kuwa ina ganin babu inda kalma take da nauyi a duk faɗin sana'ar kamar nan, domin a nan ne ma'anar da mutum ɗaya ya zaɓa take zama doka a kan mutanen da ba zai taɓa gani ba.

A 1972 wasu injiniyoyi biyar suka bar kamfanin IBM a Jamus suka kafa nasu, wato SAP: Dietmar Hopp, Hasso Plattner, Klaus Tschira, Claus Wellenreuther da Hans-Werner Hector. Aikinsu na farko a masana'antar zaren nailan ta kamfanin ICI suka yi shi, a garin Östringen. A 1977 suka mayar da mazauninsu Walldorf, wani ƙaramin gari kusa da Heidelberg, inda SAP yake har yau. Suka fitar da manhajar R/2 a 1979, sannan R/3 a 1992, wadda ta bazu a manyan kamfanonin duniya. A zamanin da suka fara, kowane harafi yana da tsada a ƙwaƙwalwar na'ura, don haka suka riƙa taƙaita sunayen gurabe zuwa haruffa biyar, daga Jamusanci. Lambar mai saye ta zama KUNNR. Lambar mai kawo kaya ta zama LIFNR. Lambar kaya MATNR. Sashen kamfani mai littafin lissafinsa na kansa BUKRS. Wurin aiki WERKS.

Waɗannan kalmomi suna nan. Yarinyar da ta gama jami'a a Bangalor, inda SAP ya buɗe cibiyar injiniyoyi tun 1998, ba ta jin Jamusanci, amma cikin 'yan makonni bakinta zai saba da su, ta riƙa furta su a taro kamar da su aka yaye ta. Haka takwaranta a Brazil, haka mai ba da shawara da aka turo wani kamfanin mai a Legas. Harshe ne ƙarami da ba shi da ƙasa, masu jinsa sun watsu a duniya, kuma ba wanda ya isa ya sauya masa baƙi ɗaya, saboda dubban kamfanoni sun gina nasu ƙarin rubutun a kan waɗannan sunaye. Ko faɗin gurbi ma ba a taɓa shi da garaje. Lambar kaya ta shafe shekaru da yawa tana da iyakar haruffa 18. Da aka faɗaɗa ta zuwa 40 a sabuwar manhajar S/4HANA, wadda ta fito a 2015, sai da kamfanoni suka bi rubutunsu layi-layi suna neman duk inda wani ya ɗauka cewa 18 ɗin nan ba za ta taɓa motsawa ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne WERKS. Asalin kalmar masana'anta take nufi, domin a masana'anta aka haifi manhajar. Amma da ta shiga kantuna da asibitoci da jami'o'i, ba a sake mata suna ba. Reshen kanti, a idon manhajar, masana'anta ne. Ɗakin ajiyar magani ma haka. Wanda ya fara sa suna ya kalli duniya daga inda yake tsaye, kamar kowa, ba laifi ya yi ba. Sai dai kallon nasa ya daskare, waɗanda suka zo baya suka riƙa lanƙwasa aikinsu don ya shiga ta ƙofar da ya yanka. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. A wannan sana'a maganar ba ta tsaya ga rashin komawa ba, tana ci gaba da aiki bayan mai ita ya yi ritaya, tana biyan wani albashi, tana hana wani.

Kada a ɗauka saɓani a kan ma'ana ƙaramin abu ne da ake gyarawa da bayani. A 2011 kamfanin Lidl, mai manyan kantuna a Turai, ya fara aikin mayar da lissafin kayansa kan manhajar SAP. A 2018 ya dakatar da aikin ya koma tsohon tsarinsa, bayan an kashe abin da jaridun Jamus suka ƙiyasta ya kai Yuro miliyan 500. Cikin dalilan da aka ruwaito akwai wannan: Lidl ya saba ƙiyasta darajar kayan da ke sitonsa da farashin da ya sayo su, manhajar kuma an gina ta a kan farashin da ake sayarwa. Lidl bai yarda ya sauya al'adarsa ba, sai aka shiga sauya manhajar, gyara na haifar da gyara, har abin ya fi ƙarfin kowa. Ɓangarorin biyu duk sun san ciniki. Kalma ɗaya suke faɗa, "farashi", kowa da abin da yake nufi.

Mu a kasuwanninmu mun san mudun wannan gari ba lalle ya zo daidai da na wancan ba, kuma hakan bai taɓa tsayar da ciniki ba, domin mai saye da mai sayarwa suna tsaye gaba da gaba, ido na ganin kwano, baki na daidaita saura. Manhajar babban kamfani ciniki ce da ba kowa a tsaye. Abin da ido da baki za su daidaita, dole a rubuta shi tun kafin a san wa zai zo.

Shi ya sa kalmomin da yaro ya sani suke zama aikin watanni. Ɗauki "rana". Idan Ba'amurke ya rubuta 03/04, huɗu ga Maris yake nufi, Bature na Ingila kuma uku ga Afrilu. Shekarar kuɗi ta gwamnatin Amurka tana farawa 1 ga Oktoba, ta Indiya da Japan 1 ga Afrilu. Hutun ƙarshen mako a Saudiyya ya koma Juma'a da Asabar a 2013, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ta mayar da nata Asabar da Lahadi a farkon 2022, kuma duk lissafin "kwanakin aiki" ya dogara da wannan. A Japan ana ƙirga shekaru da zamanin sarki. An sanar da sunan sabon zamani, Reiwa, ranar 1 ga Afrilu 2019, ya fara aiki 1 ga Mayu, wata guda ke nan aka bai wa injiniyoyi. Ƙasar Samoa ta tsallake 30 ga Disamba 2011 gaba ɗaya, ranar ba ta wanzu a can ba. Kuɗi ma haka suke. Naira tana da kwabo, gurbi biyu bayan ɗigo. Dinarin Kuwait yana da uku. Yen na Japan da Sefa ba su da ko ɗaya. A cikin SAP ana ajiye kuɗi kamar duk gurbi biyu gare su, sai wani jadawali dabam, TCURX, ya faɗi waɗanda suka saɓa. Sabon ma'aikaci da bai san da jadawalin ba zai karanta Yen 100 a matsayin Yen 1, rahotonsa kuma ya fita tsaf ba tare da wani gargaɗi ba.

"Gogewa" ma tana da nata rikicin. Tun kafin Luca Pacioli ya wallafa bayanin lissafi mai shiga biyu a Venis a 1494, 'yan kasuwa sun san littafin kuɗi amana ne. A tsarin akawu ba a kankare kuskure, ana rubuta kishiyarsa ne a ƙasa, duka biyun su tsaya a gani. Manhajar ta gaji wannan, don haka maɓallin gogewa a wurare da yawa alama kawai yake sawa. Sai ga dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta ba mutum haƙƙin ya ce a shafe bayanansa, alhali dokar haraji tana cewa a adana takardun ciniki na shekaru. Injiniyoyi ne suka zauna da lauyoyi suka raba kalmar gida biyu: a kulle yanzu, a shafe in wa'adi ya cika.

Inda abin ya iso ƙofar gidanmu shi ne suna. Kusan kowace manhaja ta kamfani ko ta hukuma tana da gurabe biyu: sunan farko, da sunan iyali. Wanda ya tsara su yana tunanin iyali mai suna guda da ake gada daga kaka zuwa jika. Bahaushe yana da sunan yanka, sai ya bi shi da sunan mahaifinsa, wani lokaci da na garinsu. Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk sunan wuri ne a ƙarshe. Ɗan mutum ba lalle ya ɗauki abin da ubansa ya sa a gurbi na biyu ba, yana iya sa sunan uban kansa. Wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya suna iya fitowa daga makarantu biyu da "sunan iyali" biyu, gwargwadon abin da malamin da ya yi rajista ya ga dama. Ga laƙabin da alkunya ta haifar, wanda ya danne sunan yanka har mai shi ya girma da shi. Ga rubutu: Muhammad, Muhammadu, Mohammed, a Nijar kuma Mahamadou. Ba mu kaɗai ba ne. Mutanen Aisland da sunan uba suke amfani, Indonesiyawa da yawa suna ɗaya gare su, har da shugabanninsu Sukarno da Suharto. Amma gurabe biyun nan ba su ji ba.

Muddin takarda ce da magatakarda, ana wucewa, domin magatakarda ya san kai ne. Da aka fara haɗa rumbunan bayanai sai abin ya fito fili. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar tantance masu asusu ta BVN a 2014. A Disamba 2020 aka ba da umarnin haɗa layukan waya da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Daga nan duk wanda sunansa ya bambanta da harafi ɗaya, ko aka juya masa gaba da baya, ya san layin banki da na ofishin rajista. Mutane suka riƙa zuwa kotu suna rantsuwa a rubuce cewa su ne su. Ina jin zafin wannan a raina, domin na san yadda ake rubuta layin da ke jawo shi. Layi ne gajere, mai cewa idan rubutun nan bai yi daidai da wancan ba, a ƙi. Wanda ya rubuta shi yana gudun 'yan damfara ne, kuma yana da hujja. Abin da bai yi ba shi ne ya tambayi yadda mutanen da za a auna da layin suke sa suna.

Haruffanmu masu lanƙwasa ma sun sha wuya. Tsarin ASCII na 1963 alamomi 128 gare shi, an yi shi don Turanci. Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba ƙ da ɗ da ɓ mazauni, amma tsofaffin rumbuna da yawa ba su bi ba, don haka Ɗanladi yakan fito Danladi, ko ya fito da alamar tambaya a goshi. Alamar ɗauri da ke cikin Sa'adatu da Mu'azu da 'Yar'aduwa kuwa, a harshen SQL da ake tambayar rumbun bayanai da shi, ita ce ke buɗe zance ta rufe shi. Rubutun da ba a yi da kula ba yana tuntuɓe a kanta. Gyaran daidai sananne ne kuma ba shi da wuya. Amma wasu sun zaɓi gajeriyar hanya, suka hana alamar shiga gurbin suna, allo ya ce wa mutum sunansa "ba daidai ba ne". Mutanen Ailan masu suna irin O'Brien sun daɗe suna wannan kuka.

Akwai wata kalma da ba a ganinta a allo, amma duk mai wannan aiki ya yi fama da ita. A 1970 Edgar Codd, wani masanin lissafi a IBM, ya fito da tsarin ajiye bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna, wanda a kansa aka gina Oracle, kamfanin da aka kafa a 1977, da sauran manyan rumbunan yau. A wannan tsari an tanadi wata alama, NULL, don gurbin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Ba sifiri ba ce. Sifiri na cewa ba a bin ka komai, NULL na cewa ba a san ko ana bin ka ba. Har ta kai idan ka tambayi rumbun ko NULL ɗaya daidai take da wata NULL, ba zai ce i ba, ba zai ce a'a ba, zai ce ba a sani ba. A ganina wannan na cikin mafi gaskiyar abubuwan da aka gina a na'ura, a ba jahilci gurbinsa na kansa. Amma injiniyoyi ba sa son ta, domin tana rikita lissafi, manajoji kuma ba sa son rahoto mai ramuka. Sai a mayar da gurbi wajibi: ba za ka wuce shafin nan ba sai ka cika.

Mutum kuwa in an tilasta masa amsa, zai bayar. Dattijon da ya san an haife shi shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, ko shekarar da aka canja kuɗi zuwa Naira, ya ba da labari na gaskiya: 1972 ko 1973. Rana da wata ne bai riƙe ba. Ma'aikacin rajista zai buga 1 ga Janairu, domin allo ba ya karɓar "wajen kaza". Shi ya sa 'yan gudun hijira da yawa a Turai da Amurka suke da ranar haihuwa guda. Daga wannan lokaci ƙiyasi ya sa rigar tabbas, kuma ranar da wata takarda ta zo da wata ranar dabam, shi za a tuhuma da ƙarya. Haka a ɗaya ƙarshen: a tsarin ma'aikata na SAP, abin da ba a san ranar ƙarewarsa ba ana rubuta masa 31 ga Disamba 9999.

Wanda yake ganin duk wannan ƙananan wahalhalu ne, ya dubi abin da ya faru a Birtaniya. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara sa manhajar Horizon, wadda kamfanin ICL na Fujitsu ya gina, a rassanta. Masu riƙe da rassan ƙananan 'yan kasuwa ne, da yawa a ƙauyuka, kuma hukumar ta riƙa ɗora musu biyan duk giɓin da aka samu. Manhajar ta fara nuna giɓi. Suka riƙa kiran layin taimako, kuma da yawansu sun shaida cewa an faɗa musu su kaɗai ne ke da wannan matsala. Wasu suka cike giɓin da kuɗin aljihunsu har suka talauce. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da sama da mutum 900 kan sata da ha'inci da ƙaryar lissafi. An ɗaure wasu, aure ya mutu, wasu sun kashe kansu.

Ɗaya daga cikin tangarɗun da aka gano an sa mata sunan garin Dalmellington na Sikotilan. Allo yakan tsaya yayin karɓar kuɗi, mai aiki ya sake danna maɓalli, manhajar ta rubuta kowace dannawa a matsayin sabuwar shigar kuɗi. Fam 8,000 ya zama 32,000 a littafi, aka wayi gari ana neman Fam 24,000 da ba su taɓa wanzuwa ba. Injiniyoyin Fujitsu suna da kundin kurakuran da suka sani. Kotuna kuwa suna aiki da ƙa'idar cewa ana ɗaukar kwamfuta tana aiki daidai sai an kawo hujjar akasin haka, mai kanti a ƙauye kuma ba shi da hanyar kawo ta. Sai da mutum 555 suka haɗu ƙarƙashin jagorancin Alan Bates suka kai ƙara, Mai shari'a Fraser ya yanke a Disamba 2019 cewa manhajar tana da kurakurai masu iya haifar da giɓin. A Afrilu 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39, a 2024 majalisa ta yi doka ta wanke ɗaruruwa a lokaci guda.

Abin da na'urar ta sani shi ne lamba biyu ba su zo daidai ba. Iyakar iliminta ke nan. Daga "ba su zo daidai ba" aka tafi "giɓi", daga giɓi aka tafi "asara", daga asara aka tafi "sata", kuma a kowane mataki wani mutum ne ya ƙara wa kalmar nauyin da ba ta zo da shi ba. Babban alhakin yana kan shugabannin da suka sani suka ɓoye, da masu gabatar da ƙara. Amma ba zan cire masu sana'ata ba. Tsarin bai tanadar wa mai reshe wata hanya ta gaske da zai rubuta "ban yarda da wannan lamba ba" ya ci gaba da aiki ba. Wani ne ya tsara allon haka.

Me ya sa mutanen kirki, masu ilimi, suke rubuta irin wannan? Nisa ne. A babban kamfani, tsakanin mai rubutu da mai amfani akwai manajan samfur, akwai sashen tallafi, akwai kamfanin 'yan shawara irin Accenture ko Infosys da ya kafa manhajar, akwai sashen kwamfuta na kamfanin da ya saya, sannan a can ƙarshe akawun da ke dannawa. Kukan akawun yana bin wannan hanya a juye, kowane mataki yana rage masa zafi, har ya iso teburin injiniya a matsayin takardar koke mai lamba da matakin gaggawa. Melvin Conway ya lura tun 1968 cewa tsarin da ƙungiya ta gina yakan ɗauko siffar yadda mutanenta ke magana da juna. Inda sassa ba sa zama tare, kalmominsu ma ba sa haɗuwa a cikin manhajar.

Takardar koke ana rufe ta da ɗaya daga cikin 'yan jimloli. "An gyara." "Mun gwada, bai faru a wurinmu ba." "Haka aka tsara shi." Ta ukun nan ita nake tsoro. Sau da yawa gaskiya ce tsantsa: rubutun ya yi abin da takardar tsari ta ce. Amma tana amsa tambayar da ba a yi ba. Mai koke bai ce an saɓa wa takarda ba, cewa ya yi abin ya cuce shi. Injiniya nagari, a wurina, shi ne wanda in ya zo rubuta wannan jimla hannunsa yake tsayawa, ya koma ya tambayi wa ya tsara, da wane mutum a ransa, kuma ko mutumin nan shi ne wanda ke kuka yau.

Ba na cikin masu zagin jinkirin manyan kamfanoni. Matashi yakan zo da zafinsa, ya ga gyaran layi uku ya ɗauki makonni: abokin aiki ya duba, gwaji ya bi, mai kula da tsaro ya sa hannu, masu fassara su juya saƙon zuwa harsuna da dama, a jira ranar fitarwa. Ya ce wannan ai ɓata lokaci ne. Wani ɓangaren ɓata lokaci ne, ba musu, akwai tarukan da ba su da amfani. Amma jigon jinkirin alkawari ne: abin da kalma take nufi jiya, shi za ta nufa gobe, ga bankin da ke rufe littafinsa a ƙarshen wata da asibitin da ke odar magani. Harshen COBOL na 1959 yana nan yana aiki a bankuna da ofisoshin gwamnati, har gwamnan jihar New Jersey ya fito a Afrilu 2020 yana neman waɗanda suka iya shi, da tsarin biyan marasa aiki ya cushe lokacin annoba. Waɗanda suka taƙaita shekara zuwa lamba biyu ba su zaci rubutunsu zai ga shekarar 2000 ba, ya kuwa gani. Wanda ya san haka yakan rage gaggawar sa suna, ya rubuta bayanin dalilinsa a gefen layi, domin wanda zai karanta wataƙila ba a haife shi ba tukuna.

Yanzu haka ana cikin wani babban sauyin ma'ana. SAP ya sanar cewa kulawar yau da kullum ga tsohuwar manhajarsa za ta ƙare a ƙarshen 2027, da ƙarin wa'adi zuwa 2030 ga mai biya, don haka dubban kamfanoni na ƙaura zuwa S/4HANA. A tsohon tsari mai saye da mai kawo kaya rajista biyu ce dabam, KUNNR da LIFNR, ko da mutum ɗaya ne. A sabon tsari dole a shigar da su ƙarƙashin abu guda, abokin hulɗa, mai iya ɗaukar matsayi fiye da ɗaya. Tunanin ya fi kusa da yadda rayuwa take. Sai dai kafin a ƙaura, wani zai zauna da rajistar shekaru ashirin ko talatin ya yanke ko wannan Muhammadu Sani da wancan Mohammed Sani mutum ɗaya ne, kuma yawanci ƙaramin ma'aikaci ake ba wannan aiki. Yana iya rubuta doka ta haɗe duk sunayen da suka yi kama, ya gama kafin Juma'a. Yana kuma iya ware waɗanda ake shakka a kansu, ya tura wa akawun reshe wanda ya san mutanen da fuska, ya jira amsa, ya sha tambaya a taron safe kan dalilin jinkiri. A kamfanin da ke sayen shinkafa a hannun manomi kuma yake ba shi taki bashi, haɗe mutum biyu bisa kuskure na iya sa a cire bashin wani daga kuɗin amfanin gonar wani.